Maganin Basir na Jabiru

A tashar Rano na zauna bayan Jabiru, mai sayar da maganin basir ɗin da ya sa mijina, Malam Amiru, tiƙar rawa a gaban surukai. Ƙararsa zan kai wa mai unguwa, amma sai na fara ji da kunnena. Wani fasinjan Kibiya ya ɗauki gora ɗaya yana shinshinawa.

"Malam, ƙamshin mangwaro nake ji?"

"Shi ne. Nunanne, wanda ya faɗo da kansa."

"To ɗacin fa?"

"Shuwaka ce. Ita ke hana shi lalacewa."

"Ikon Allah! Ruwan kuma na mene ne?"

"Dawa ake jiƙawa ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa. In ya huce a juye a tulu, a ɗaure bakin da tsumma."

"Har yaushe?"

"Har ya yi kumfa ya gaji."

Mutumin ya ajiye gorar a hankali.

"Ɗan'uwa, yana magani kuwa?"

"Basir ɗin dai ba ya tafiya, amma za ka daina damuwa da shi."

"Wannan ai giya ce!"

"A'uzubillahi! Giya a kwalba take zuwa. Kuma dattijo ne ya koya mini, ɗan sahun gaba."

"Wane dattijon?"

"Malam Amiru na Fassi. Cewa ya yi in riƙa haɗawa a gidana, don matarsa masifaffiya ce."

Mai unguwa ya huta. Motar Fassi na shiga, na nufi gida.