Gahawar Zaman Makoki

A bencin wata kotu a Amman, wani dattijo ya dubi mutumin da ke gefensa.

"Ɗana, kai ma korar ka aka yi?"

"Daga masaƙa, Kawu. Kwamitin sulhu ya ce zalunci ne, a mayar da ni aiki. Yau alƙali ya rushe hukuncin."

"A kan wane dalili?"

"Shugaban kwamitin ya zo ta'aziyyar mahaifiyata. Wai tunda ya sha gahawata, nawa ne."

"To, korar sa za ka yi daga zaman makoki? Wa ya kai maganar?"

"Manajanmu. Hoto ya ɗauka."

"Ashe shi ma ya zo?"

"Ya zo, har da ƙwalla. Da hannuna na zuba masa gahawa."