Wanda Ba Ya Faɗa Sai Ya Gani

Assalamu alaikum. Mai girma mai unguwa, Allah ya ƙara maka lafiya. Malam liman, Allah ya gafarta malam. Manajan gidan rediyonmu da ma'aikatansa, shugaban 'yan kasuwa, iyayena maza da mata, sannunku da zuwa. Yaya, matar marigayi, da ku 'ya'yansa, ina yi muku gaisuwa, ina kuma yi wa kanmu.

Ni mai sabulu ce. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban taɓa magana a gaban taro ba. Matan layinmu ne suka ce in tashi in yi magana da bakinsu. Idan na yi tuntuɓe, ku yafe mini.

Baba Na-gani muke ce masa. Shi ke gabatar da shirin hantsi a ƙaramin gidan rediyon nan namu, shirin labaran unguwa da tallan masu ƙaramin jari. Da yawanmu mun san muryarsa tun kafin mu san fuskarsa.

Ya kasance ba ya faɗar abu a rediyo sai ya taka da ƙafarsa ya gani. In ka kai masa talla ofis, abin da zai fara tambaya shi ne, "Ina shagon?" Sai ya zo ya zauna a bencinka, ya ɗaga kaya, ya juya, ya shinshina. Sabulun da na fara kai masa, gida ya tafi da shi aka yi masa wanki. Ya dawo ya ce, "'Yata, kumfa kam akwai, amma yana cin hannu. Rage soda, sannan in faɗa." Ranar na ji haushinsa. Na rage. Da ya faɗa a shirinsa, sai da na rasa kwalin da zan zuba wa mutane.

Yaya ita ce shaida. Duk sabuwar mai kitson da ta buɗe shago, a kan Yaya ake fara gwada ta. Wata rana a gabana ta ce masa, "Malam, kai ne mai rediyo, ni ce mai ciwon kai? Ranar da mai cire haƙori ya kawo talla, gidanmu zan tafi." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yaya, kin yi haƙuri da shi, kin yi haƙuri da mu. Aikin nan tare kuka yi shi.

Ya kasance ba ya rufa-rufa. Kun tuna abin da ya ce a kan telan bayan famfo: "Hannunsa na da kyau, amma alkawarinsa sai a hankali. Mai sauri ya kai ɗinki da wuri." Tela ya yi fushi ya daina gaishe shi. Sai ga aiki ya yi masa yawa, don mutane sun san wanda ya faɗi aibinka, yabonsa ba daɗin baki ba ne. Ga telan can zaune yana share ido.

Ya kasance mai bin magana har gindinta. An taɓa yaɗa a waya cewa sabuluna ya ƙona jikin wani jariri. Kafin la'asar mata sun fara dawo mini da kaya, wasu ko sallama babu. Baba ya shiga gida-gida yana tambaya, "Wa ya gaya miki? Ita kuma wa ya gaya mata?" Wannan ta nuna waccan, waccan ta nuna wata, har maganar ta ƙare babu jariri, babu uwar jariri. Washegari ya faɗa a rediyo yadda ya bi ta. Da ba don shi ba, da yanzu ban san da me nake ciyar da marayuna ba.

Jama'a, ba kuka kaɗai ya tashe ni ba. Tsoro nake ji.

Yana kwance a asibiti aka sake yaɗa wata maganar a waya, wai ɓarawon yara ya shigo unguwa. Muka kulle 'ya'yanmu a ɗaki. Da hantsi muka kunna rediyo mu ji gaskiya, sai muka tarar da waƙa. Babu wanda ya je ya gani. Kafin azahar samari sun tare wani baƙo mai gyaran takalma, da akwatinsa a kafaɗa, suka rufe shi da duka a bakin shagona. Ina ganinsa yana ɗaga burushi yana nuna musu, bakinsa na jini. Ba don malam liman ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa ba, da gawa muka ɗauka. Waɗanda suka dake shi ba baƙi ba ne. 'Ya'yanmu ne, wasu ni na goya su. Tun daga ranar, in wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Manaja, ranka ya daɗe, mun ji an ce shirin zai tafi tare da mai shi, za a bar waƙa a gurbinsa, don babu wanda zai iya yawon da Baba ke yi. Ni ma ji na yi, ban gani ba, shi ya sa nake tambayarka a gaban mutane. Manyan gidajen rediyo ba su san layinmu ba. Ba za su zo don mai sabulu ba, ba za su zo don mai gyaran takalma ba, sai in an kashe shi. In ƙafa ce babu, mu muna da ita. Ka ba mu ɗaya cikin ma'aikatanka, ko sabon shiga ne. Za mu raka shi gida-gida, mu nuna masa ƙofofin da Baba ke ƙwanƙwasawa. Ba sai ka amsa mini a nan ba. Gobe da hantsi duk layinmu za mu kunna rediyo, abin da muka ji shi ne amsarka.

'Ya'yansa, ku ɗaga kanku. Mahaifinku bai taɓa sa muryarsa a kan ƙarya ba. Mun gode da kuka ara mana shi.

Na gode wa duk wanda ya bar sana'arsa ya zo. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya ga rahama da idonsa. Allah ya ba Yaya da 'ya'ya haƙuri. Ya Allah, ka tsare mu daga maganar da ba a gani ba, ka tsare hannun 'ya'yanmu daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Amin.