Koren Ruwa a Ƙarƙashin Tirela

A wani gidan mai a garin Camooweal na ji wata tsohuwa tana yi wa wani direban tirela magana.

"Ɗana, lagireto ne?"

"Shi ne, Iya. Ruwa sai raguwa yake, na rasa inda yake yoyo."

"Ai karyarka ta gano wurin. Ga ta can ƙarƙashi tana lasar koren ruwan."

"Bindi! Fito nan!"

"Zaƙi gare shi, amma guba ne. Likitan dabbobi kuwa sai can garin Mount Isa, da nisa."

"Da wannan motar? Injin zai ƙone a hanya."

"Zuba garin masoro a lagireton, zai toshe ɓular."

"Kin tabbata, Iya?"

"Da irin wannan ya same mu, motar mijina dai ta kai. Karenmu ne bai kai ba. Yi sauri, ɗana."