Ruwan Kwamfiri da Ƙosan Mama Ngozi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sani Mai Tumatir daga Bukuru, kuma shawara nake nema.

Ina da ɗan lambu a bayan gidana. Da takin zamani ya yi tsada, sai abokina Baba Pam ya ba ni saiwar wani tsiro mai faɗin ganye da ake kira kwamfiri. Ya ce in ya girma in yanki ganyen, in jiƙa a durom har ya ruɓe, in riƙa sirkawa da ruwa ina zuba wa tumatir. Na yi yadda ya ce. Wallahi ban taɓa ganin tumatirina ya yi 'ya'ya haka ba.

Abin da Baba Pam bai faɗa mini ba shi ne warin. Maƙwabciyata Mama Ngozi a jikin katangata take suyar ƙosai, kuma da shi take ciyar da 'ya'yanta. Masu saye suka watse, wai shaddarmu ce ta fashe. Ta shigo har lambun, ta toshe hanci, ta ce, "Oga Sani, ko ka zubar da wannan abu, ko kai za ka cinye ƙosaina duka!"

Na rufe durom ɗin da buhu, warin bai fasa fita ba. Don Allah manoma masu sauraro, yaya kuke kashe warin nan? A taimaka da sauri, domin tun ranar ni ke saye ƙosan da ya yi kwantai, shi muke ci a gidana safe da rana, yara har sun fara kuka.

Ina gaida Mama Ngozi. Ta ƙara haƙuri.