Makin da Na Kasa Kashewa

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Sunana Yohanna, ɗan Mama Saratu mai sayar da doya, a unguwar Badariya muke zama. Da aka ce in rubuta shaidata don takardar zumuntar matasa, na daɗe ina jan ƙafa, domin abin da Allah ya fitar da ni daga ciki ba ciwo ba ne da ido ke gani, ba kuma giya ba ce. Wataƙila wani zai ce bai kai a kira shi ɗauri ba. Ni dai ya ɗaure ni.

Na karanta aikin gona a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida babu aiki. A wannan zaman ne abokina na makaranta, Bitrus, ya jawo ni cikin wani wasan kwamfuta da ake yi ta intanet. Bari in ɗan bayyana shi saboda iyayenmu.

Kowa yana da jarumi guda da yake sarrafawa a wata duniyar ƙage mai dodanni da dazuzzuka. Jarumin yakan fara ba ƙarfi, sanda ce kawai a hannunsa. Duk dodon da ya kayar, duk aiken da ya cika, ana ƙara masa gogewa. In gogewar ta cika ma'auni sai ya hau mataki na gaba, ƙarfinsa ya ƙaru, a kuma ba shi maki. Da makin ake sayen gwaninta. Gwanintar kuwa rassa gare ta kamar bishiya: reshen takobi, reshen kwari da baka, reshen warkarwa, da wani na siddabaru wanda ban taɓa sakin jiki da shi ba. Ba ka kaiwa saman reshe sai ka biyo ta gindinsa. Kuma makin da ka zuba a reshe ɗaya ba ya dawowa.

Wannan doka ta ƙarshe ita ta kama ni.

In na zuba maki a takobi, sai in wuni ina cewa da baka na zaɓa. Sai in goge jarumin in sake sabo, daga sanda. Daga baya na samo abin da na ɗauka dabara ce: na daina kashe makin sam. Ina hawa mataki, maki yana taruwa, ni kuwa ina ta karanta gardamar mutane kan reshen da ya fi. Kullum sai in ce wa kaina, bari sai na tabbata.

A gida ma haka nake, ko da yake ban lura ba. In aka ce in zaɓi abu, komai ƙanƙantarsa, sai ƙirjina ya yi nauyi. Cikin wasan nake ɓuya, tun safe har Mama ta dawo daga kasuwa.

Muna da maƙwabci, Alhaji Umaru, mutumin Argungu, aminin marigayi babana. Yana da injin casar shinkafa a can, yana kuma neman wanda zai riƙa duba shinkafar da manoma ke kawowa, ya zaga fadama yana ba su shawara kan iri. Ya yi mini tayin aikin, na yi ta yi masa kwana-kwana. Wata Talata ya tare ni a ƙofar gida.

"Yohanna, mi kaka jira? Girbi ya taho."

"Alhaji, ina dai dubawa tukuna."

"Kullum dubawa. Shinkahwa ba ta jiran mai dubawa, ɗana. Ran Jumma'a nika komawa. In ba ka so ka hwaɗa min in nemi wani, ba hushi."

Ina son aikin, gaskiya. Amma in na tafi Argungu aikin gwamnati ya fito fa? In na je na kasa fa, na ba Alhaji kunya?

Washegari da rana Bitrus ya tara mu mu yaƙi wani babban dodo da mutum ɗaya ba ya iyawa. Mai warkar da mu bai zo ba. Ana cikin faɗa jaruman abokaina suka fara jigata, sai Bitrus ya leƙa shafin jarumina. Na ji muryarsa ta na'urar magana da ke kunnena.

"Kai malam, wannan makin da ka jibge fa? Gado za ka bar wa jikoki? Zuba a warkarwa mana, ƙarewa muke yi."

"Bari in duba tukuna."

"Duba me? Ka fi mu mataki, amma har yau da sanda kake duka kamar mai korar awaki."

Kafin in gama dubawa dodon ya shafe mu duka. Su dariya suka yi ta yi. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na ji amsar da na ba Bitrus, ita ce na ba Alhaji jiya.

A haka Mama ta dawo ta same ni. Na gaya mata komai. Ba na jin ta fahimci zancen rassa da maki, amma ta ajiye kwandonta ta ce, "Taso mu durƙusa."

Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Ubangiji, ina tsoron in yi kuskure." Sai kuka. Na zaci Mama za ta roƙi Allah ya nuna mini zaɓin da ya fi. Ba haka ta roƙa ba. Cewa ta yi, "Ya Uba, yaron nan naka ne. In ya yi daidai ka riƙe shi, in ya yi kuskure ma ka riƙe shi."

Ba zan ce na ji murya ba, kada in ƙara a kan abin da ya faru. Amma a durƙushen nan na gane cewa na mai da Allah kamar dokar wasan, wanda in ka kuskure sau ɗaya ya rufe maka ƙofa. Ashe ba haka Ubanmu yake ba! Nauyin ƙirjina ya sauka, na ja numfashi har ciki.

Da na tashi na zuba makin duka a warkarwa. Ko shi ne reshen da ya fi, har yau ban sani ba. Bayan 'yan kwanaki na bar wasan. Ban ce zunubi ne ga kowa ba, ni dai maɓoya ya zame mini.

Ranar Alhamis da safe na ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji na ce zan zo.

"Madalla," in ji shi. "Ka taho da takalmin roba, hwadama akwai laka."

Yanzu a Argungu nake aiki, ina dawowa sujada ranar Lahadi. Kuma abin da na ji tsoro ya faru: aikin gwamnati ya fito bayan tafiyata, labari bai iso ni da wuri ba, wani abokin karatuna ya samu. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma na kira shi na yi masa murna, na sa takalmina na shiga fadama, ƙirjina bai yi nauyi ba.

Godiya ta tabbata ga Yesu da ya kwance ni. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da Allah ya sa a hannunka kana ta riƙo don tsoro, ka yi addu'a ka ɗaga ƙafa. Ko ka yi tuntuɓe, yana riƙe da kai. Amin.