Yatsu Biyu na Mahlab

A shagon kayan ƙamshi a birnin Antep, wani dattijo ya tare wata mata tana sayen barkono.

"'Yata, garin mahlab cokali nawa ake sa wa biskit ɗin salla? Jiya na zuba uku, ɗaci kamar magani."

"Uku! Haba Baba, ka bar wa Inna madafinta mana."

"Lahmajun ɗinta, gurasar nan mai niƙaƙƙen nama, na iya shi. Wannan ne ya gagare ni, ga jikata tana zuwa, na kakarta take so."

"To ka tambayi Innar."

"Yau kwana arba'in da rasuwarta. A takarda ta rubuta, 'a ɗiba da yatsu biyu.'" Ya kalli hannunsa. "Nawa sun fi nata girma. Miƙo naki in gani, 'yata."