Muryar Tabawa Ba Ta Jiwuwa

Haoua: Alo, Mumuni? Haoua ce, daga gidan rediyo.

Mumuni: Yaya Haoua, ina wuni? Ya mutanen Yamai?

Haoua: Lafiya lau. Ya Filinge, ya zafi?

Mumuni: Zafi kam sai haƙuri. Ya jikin Inna?

Haoua: Da sauƙi. Kun samu ruwa?

Mumuni: Ko ɗigo. Kin ga saƙona?

Haoua: Shi ya sa na kira. Hirarka da tsohuwar nan Tabawa ba ta jiwuwa, kamar daga cikin rijiya take magana. A nawa ka matse ta?

Mumuni: Mace? Wace mace?

Haoua: Matsewa nake cewa. Da ka mai da ita MP3, a nawa ka sa?

Mumuni: Kilobit sha shida. Intanet ɗin nan ba ya ɗaukar abu mai nauyi, kuma wuta sai ɗaukewa take.

Haoua: Sha shida ya cinye mata baƙaƙe. Inda take lissafa garuruwan da rumbunansu suka ƙare, ban kama suna ko ɗaya ba. Mutanen ƙungiyar agaji ta unguwar Plateau, nan Yamai, sun ce za su saurari shirin, sunayen nan suke jira.

Mumuni: To bari in ɗaga ta zuwa ɗari da ashirin da takwas.

Haoua: Abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa, nauyi kawai za ka ƙara. Koma wa ta asali. Ka sa sittin da huɗu, mono, tunda murya ɗaya ce. Ka yanke shiru, ka raba ta gida uku... Alo? Kana ji na?

Mumuni: Ina ji. Yaya, ta asalin ba ta nan. Katin rikoda ya cika, na goge na ɗauki muryar makiyaya a kasuwa.

Haoua: Inna lillahi.

Mumuni: Amma na riƙe sunayen a kaina. In faɗa miki ki karanta?

Haoua: In ni na karanta, a ce 'yan jarida ne ke zuzutawa. Bara ko kalmar yunwa ba ma iya faɗa a rediyo. Yanzu da sojojin da suka karɓi mulki suka ce a faɗa, ban san ranar da za su sake shawara ba. Bakinta nake so a ji.

Mumuni: To zan koma. Akwai mai moto, ɗan kabu-kabu, da ke zuwa garinsu da safe.

Haoua: Za ta yarda ta sake?

Mumuni: Ita ta riƙe min hannu ta ce in kai maganarta Yamai. In dai ban tarar sun tashi ba, don garin ya fara watsewa.

Haoua: In sun tashi?

Mumuni: In bi sawunsu. Ke dai kada ki ba kowa filin shirin Juma'a.

Haoua: Na riƙe maka. Kuma wannan karon kar ka taɓa katin sai na ce na ji ta da kunne...

Mumuni: Alo? Yaya Haoua? Sittin da huɗu kika ce ko? Alo?